Zafin nan na Jamus ya hana mu barci, ina za mu kai yara ranar Asabar?

Maman Biyu:

Assalamu alaikum jama'ar zauren nan, da fatan kowa na lafiya, ya haƙuri da zafi. Dan Allah shawara nake nema wurin waɗanda suka daɗe a Jamus ko ƙasashen da ke kusa. Mu a Dortmund muke, wannan ce bazararmu ta farko a nan, kuma gidan da muka samu can ƙarshen bene yake ƙarƙashin rufi, ba lifta ba esi. Lokacin sanyi mun ji daɗinsa dan ko hita ba ma cika kunnawa ba, amma tunda zafin nan ya shigo wallahi ɗakin ya koma kamar tanda, ɗan abin auna zafin da ke falo 31 yake nunawa ƙarfe goma na dare, na buɗe duk tagogin tun safe na kunna fanka biyu amma iskar da suke hurowa ma mai zafi ce. Ina da 'yan biyu masu shekara uku da jaririya 'yar wata huɗu, 'yan biyun sai juyi suke a gado suna kuka gashinsu sharkaf da gumi, jaririyar kuma duk wuyanta ya feso da ƙuraje.

Abin da ke ƙara damuna in na yi magana sai maƙwabta su ce ai ku daga Afirka kuke kun saba, ni kuma na san abin da jikina ke ji, wannan zafin daban ne, baya sauka ko da dare.

To tambayata biyu ce. Na farko yaya kuke yi da gidajenku, ya kamata mu sayi ƙaramar esin nan mai taya ko asarar kuɗi ce? Na biyu, Baban Biyu Asabar da Lahadi kaɗai yake hutu kuma bamu da mota, ina ne za mu iya zuwa da jirgin ƙasa mu sha iska mu dawo a ranar ko mu kwana ɗaya, wurin da ba zai cinye mana albashi ba kuma ya yi da ƙananan yara? Na gode Allah ya bar zumunci.

Tsohon Baƙo:

Wa alaikumus salam 'yata, sannu da ɗawainiya, Allah ya raya miki su. Kar ki saurari masu cewa kin saba, gaskiyarki ce zafin nan daban yake, kuma dalilin ba rana ba ce kaɗai, ginin ne. Gidajen ƙasar nan an yi su ne dan su riƙe ɗumi saboda hunturu, bango mai kauri, gilashi ninki biyu ko uku, to duk zafin da ya shiga da rana bango ya shanye shi, da dare kuma ya dinga sakar miki shi a hankali. Ga shi a Yuni da Yuli rana bata faɗuwa sai wajen goma saura, huɗu da wani abu gari ya fara wayewa, ginin bai samu lokacin hucewa ba an sake ɗora masa wani. Ke kuma kina ƙarƙashin rufi, wanda shi ya fi ko'ina shan rana.

Abu na farko, ki daina buɗe taga da rana. Na san jiki baya yarda da haka, mutum ji yake in ya rufe zai shaƙe, amma in waje 34 ne ciki 28 to buɗewar zafi kike shigowa da shi. Da kin idar da sallar asuba ki buɗe komai warwar, taga ta gaba da ta baya, ki tokare ƙofofin ɗakuna iska ta ratsa gidan, ki sa fanka ɗaya a bakin taga tana kallon waje ta dinga fitar da iskar ciki. Wajen takwas ko tara da rana ta fara dukan gilashi ki rufe ruf, in akwai murfin nan na waje da ake saukewa ki sauke shi har ƙasa. Labulen ciki yana ɗan taimakawa amma ba kamar abin da ya tare rana daga waje ba, dan in hasken ya riga ya ratso gilashi zafin ya shigo kenan. Tagar rufi wadda take kallon sama ita ce babbar matsalarki, mutane da yawa suna sayen siririn bargon nan mai ƙyalli na cikin akwatin taimakon gaggawa na mota, su shimfiɗa ta waje gefen azurfar na kallon rana su matse bakinsa da tagar. Ta waje fa, kar ki manna ta ciki, gilashi na iya tsagewa. Girki kuma ki yi shi da sassafe ki ɗumama daga baya, obin kam ki manta da shi sai an samu sauƙi.

Kuma ki sa a ranki abin nan yana zuwa ne yana wucewa amma yana iya tsananta, mafi zafin da aka taɓa aunawa a Jamus 41.2 ne ranar 25 ga Yulin 2019, kuma a Duisburg ne da Tönisvorst, nan jiharku. Ki sauke manhajar NINA ko WarnWetter a waya, suna turo gargaɗi kafin ranar.

Maganar fita kuwa, ku fara da Deutschlandticket in baku da shi. An fara shi a Mayun 2023 kan yuro 49, ya koma 58 a 2025, daga Janairun 2026 kuma 63, da shi za ku hau bas da taragu da jiragen ƙasa na yanki a duk faɗin ƙasar, manyan jiragen tafiya mai nisa irin ICE da IC ne babu. Yara ƙasa da shekara shida kyauta suke hawa, kinga naki duka ukun ba a biya musu. Sai dai rajista ce ta wata wata, in za ku daina ku soke kafin 10 ga wata in ba haka ba a ciri na gaba.

Ni dai shawarata kar ku ce za ku je ganin gari, Kolon ko Dusuldof a ranar da ake 35 wahala ce kawai, kwalta da siminti da cunkoso. Ku nufi yankin tuddai na Sauerland, yana nan bayanku. Akwai jirgi daga Dortmund kai tsaye zuwa Winterberg, tafiyar kamar awa biyu, garin a kan tudu yake, dutsen Kahler Asten da ke gefensa mita 841 ne, kuma duk hawan mita dubu zafi na raguwa da kusan digiri shida, ga daji ga inuwa, da dare har sai kin nemi abin rufa. In kuɗi ya ba da dama nan ne wurin kwana ɗaya, barcin da za ku samu kaɗai ya biya kuɗin ɗakin. Wurin da na fi so kuma Attendorn ne, za ku canja jirgi a Finnentrop, akwai kogo da ake ce wa Atta-Höhle, an gano shi a 1907, cikinsa digiri 9 ne rani da damina, ana zagayawa da mutane kamar minti arba'in, in kun fito ku sake hawa jirgin ya bi da ku bakin tafkin Biggesee ku baje tabarma a inuwa. Ku fita da jirgin farko farko, sha ɗaya ta same ku a can. Kuma ku yi sayayyar guzuri tun Juma'a ko Asabar dan kin san Lahadi shaguna a rufe suke sai na manyan tashoshi.

Esi kuwa ni ban taɓa saya ba kuma ban ga buƙata ba, wutar Jamus tana cikin mafi tsada a Turai, dan kwanakin da ake zafin basu kai a sayi na'ura ba.

Direban Dare:

Slm. Baba da girmanka amma nan wurin esi ban yarda ba gaskiya. Kai a hawa na nawa kake? Wanda yake ƙasa ko tsakiya dabarar taga ta ishe shi, amma ƙarƙashin rufi in aka jera kwana huɗu biyar ana zafi kuma dare baya sauka ƙasa da 20, to ko asubar ma iska mai ɗumi za ka shigo da ita, ba abin da zai fitar da zafin da ke cikin bango. Ni aikin dare nake da rana nake barci, ba dan na'urar nan ba da tuni na zube a kan sitiyari.

Hajiya in za ku saya ki sani mai tayar nan tana da wani ƙaton bututu da yake fitar da iska mai zafi ta taga, dole ki haɗa da ƙyallen nan mai zif da ake liƙawa a bakin tagar ya toshe sauran wurin, in ba haka ba abin da ta fitar shi zai dawo. Tana cin kusan kilowat ɗaya a awa, saboda haka ba kwana za ta yi a kunne ba, ɗaki ɗaya za ku zaɓa ku rufe ƙofarsa ku kunna awa biyu uku kafin a kwanta kowa ya kwana a nan. Tana da ƙara kam, ki lura da maƙwabta dan daga goma na dare zuwa shida lokacin shiru ne. Kar ki ruɗu da masu arahar nan da ake zuba wa ruwa ko ƙanƙara babu bututu, waɗannan fanka ce kawai mai ƙara laima a ɗaki. Wadda ake kafawa a bango kuma sai mai gidan haya ya yarda a rubuce dan sai an huda gini. Matsalar dai yanzu samunta, da an fara zafi ake wawashe su, ki duba wurin masu sayar da na hannu.

Sannan ki faɗa wa oga akwai ƙa'ida a wurin aiki, in ɗakin aiki ya wuce 26 ana so kamfani ya ɗau mataki, ya wuce 30 dole ne, ya wuce 35 kuma ba a ɗaukarsa wurin da ya dace a yi aiki sai da tanadi na musamman. Yawancinmu bamu sani ba muna ta haƙuri.

Teku kuma kar ku fara da yara ƙanana a rana ɗaya. Na taɓa zuwa wata Asabar, jirgin ya cika maƙil har bakin ƙofa ga kekuna ga jakunkuna, esin taragonmu ya mutu a hanya, wata mata da jaririnta sai sauka ta yi a tashar da ba tata ba. Awa huɗu da wani abu zuwa, haka dawowa, kuma Tekun Arewa ruwan janyewa yake ya bar taɓo na awoyi, in baka duba lokacin cikarsa ba sai ka je ka tarar ba ruwan.

Anti Nas:

Ƙanwata sannu, na karanta naki hankalina ya tsaya kan jaririyar. Ni a gidan kula da tsofaffi nake aiki yanzu amma na yi ɓangaren yara, bari in faɗa miki abin da nake faɗa wa kowace uwa.

In nono zalla take sha kar ki ba ta ruwa, 'yar wata huɗu bata buƙata, ki dai yawaita ba ta nonon ko bata nema ba, ke kuma ki sha ruwa sosai, na famfo ma lafiyarsa ƙalau a Jamus ba sai kin dinga jido kwalabe zuwa saman bene ba. Ki dinga lura da famfas ɗinta, in kika ga ya daɗe a bushe ko fitsarin ya yi duhu, ko ta yi laushi bata son kama nono, ko maɗigarta ta faɗa, kar ki jira gobe. Da dare ko ƙarshen mako in abin bai kai na gaggawa ba 116117 ake kira, in kuwa yaro ya suma ko yana numfashi sama sama ko jikinsa ya yi zafi rau kuma ya rikice, 112 kai tsaye. Ƙurajen wuyan nan na zafi ne galibi, wanka da ruwa mai ɗan ɗumi ba mai ƙanƙara ba, ki bar wurin ya bushe, ki rage mata kaya, ki daina shafa mai mai kauri a wurin.

Abin da nake gani kullum a titi yana tayar min da hankali shi ne a lulluɓe keken jariri da mayafi ko tawul wai dan a tare rana. Dan Allah kar ki yi, iska ce kike toshewa, cikin keken sai ya fi waje zafi. Ki sa 'yar lema ta gefe ki bar gaba a buɗe. Kuma tunda Baba ya ce a buɗe tagogi da asuba, ki tuna kina da 'yan shekara uku guda biyu a ƙarshen bene, ki janye kujera da gado daga ƙarƙashin taga, ɗakin da suke ciki a karkace kawai za ki buɗe ko ki sa makullin nan na hannun taga. Esi kuma ni ina bayan Direba, da jaririya a ɗakin da ke 31 da dare kuɗin wutar ba abin dubawa bane, kawai kar iskar ta dinga dukanta kai tsaye.

Sai maganar ruwa, wannan kam ina roƙonki ki faɗa wa mai gidanki da duk abokansa. Kogin Rhine ba wurin wanka bane ko da a bakin gaɓa, manyan jiragen kaya in sun wuce ruwan ja da baya yake sannan ya dawo da ƙarfi ya kwashe ƙafar mutum, yaro yana tsaye ruwa iya gwiwa sai a neme shi a rasa, Dusuldof ma ta hana shiga gaba ɗaya a 2025. Haka tafkunan nan da aka haƙi yashi, sama ɗumi ƙasa sanyi ƙalau kuma zurfin farat ɗaya yake zuwa. Duk shekara cikin waɗanda ruwa ke ci akwai baƙi irinmu da basu iya iyo ba, abin yana min ciwo. Ku je inda aka ware dan wanka akwai masu tsaro na ƙungiyar ceto a ruwa ta DLRG da tutarsu ja da rawaya, ko wurin wankan gari mai ƙaramin kwamin yara, kuma hannunki na kan yaro ko da an sa masa abin hannu mai iska. In kun shiga ciyawa ko daji da kun dawo ki duba jikinsu saboda kaska, bayan kunne, hammata, matsematsi, bayan gwiwa. 'Yan biyun ki shafa musu man kariya daga rana ki sa musu hula, baƙar fata ma tana ƙonewa.

Abu na ƙarshe, in akwai tsoho ko tsohuwa mai zama shi kaɗai a benenku ki ɗan ƙwanƙwasa ki gaishe shi ki tambaya ko ya sha ruwa. A zafin 2003 mutum kusan dubu 15 suka rasu a Faransa kaɗai, yawancinsu tsofaffi ne a cikin ɗakunansu ba wanda ya leƙa. Tsoho baya jin ƙishirwa kamar mu, a wurin aiki sai mun bi su da kofi ɗaya bayan ɗaya.

Ɗalibi a Landan:

Anti Maman Biyu sannu da fama, mu ma nan Ingila haka muke ciki, gidajen ga kafet ga tagar da bata buɗuwa sosai. Ranar 19 ga Yulin 2022 aka auna 40.3 a Coningsby, karon farko kenan da ƙasar ta haura 40. Ni abin da nake yi tunda ɗakina ƙarami ne, da rana bana zama a ciki sam, laburare nake tafiya ko gidan tarihi, manyan na Landan shiga kyauta ne, inaga ku ma laburaren garinku zai yi wa yara dan yawanci akwai ɓangarensu, ko babban kanti mai esi ku ɗan zauna daga ɗaya zuwa biyar lokacin da abin ya fi tsanani. Wanda zai zo Landan a irin wannan lokaci in zai hau jirgin ƙarƙashin ƙasa ya nemi layin Elizabeth ko District ko Circle dan suna da esi, masu zurfin nan irin Central babu. Ranar hutu kuma Brighton muke zuwa, awa ɗaya ce a jirgi daga tashar Victoria, sai dai bakin ruwan tsakuwa ne ba yashi ba a tafi da takalmi. Wata dabara, ki cika robar ruwan zafin nan ta hunturu da ruwan sanyi ki sa a firij, da dare ki naɗe a tawul ki ajiye wajen ƙafa, ga manya da 'yan biyun fa banda jaririya.

Maman Biyu:

Kai jama'a na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Baba yau na gwada rufewar tun takwas, yanzu da yamma 28 yake nunawa, ba sanyi bane amma ana iya numfashi. Anti na janye gadon yaran daga jikin taga yanzun nan, kuma mun yanke za mu nemi esin ko ta hannu ce. Asabar in Allah ya kai mu Attendorn za mu. Tambaya biyu ta rage, kogon nan ana shiga da keken jariri? Sannan Baban Biyu ya ji wai tikitin yana kaiwa har Venlo ta Holan, yana so mu leƙa wani satin, amma katin zamana yana wurin sabuntawa takardar wucin gadi ce a hannuna, ba matsala?

Tsohon Baƙo:

Madalla 'yata, ki ci gaba da haka, kwana biyu uku za ki ga ya ƙara sauka. Kogon akwai matakala da wurare masu ƙunci, keke ba zai yi ba, goya ta za ki yi, kuma ki tafi da rigar sanyi da safa ga kowa har ku manya, daga 33 zuwa 9 ba wasa bane, ƙasan ma da danshi a sa takalmi mai kama ƙasa. In kika ga 'yan biyun na tsoron duhu kar ki tilasta, ɗaya ya shiga ɗaya ya zauna da su a waje, tafkin kaɗai ma ya isa yini. Akwai wani kogon da ya fi kusa da ku, Dechenhöhle a Iserlohn, jirgi na tsayawa a bakinsa, ku ajiye shi na wani satin.

Venlo gaskiya ne tikitin yana kaiwa da jirgin yanki, amma daga nan in za ku ƙara gaba cikin Holan sai kun sayi nasu. Maganar takarda kuwa kar ki yi wasa da ita, tun Satumbar 2024 Jamus ke binciken takardu a duk iyakokinta na ƙasa, 'yan sanda na iya hawa jirgi a hanyar dawowa. Takardar wucin gadin nan iri iri ce, akwai wadda ake fita a dawo da ita akwai wadda in kin fita bata dawo da ke, ya danganta da akwatin da aka yi wa alama a jikinta. Ki aika wa ofishin baƙi na garinku saƙo ki tambaya su amsa miki a rubuce, kafin nan ku tsaya cikin Jamus, yankunan Sauerland da Eifel sun ishe ku har bazarar ta ƙare. Ranar da za ku ƙetare kuma kowa da fasfonsa da katinsa, har jaririyar.